Mayar da Sunan Tsohon Jirgi: Daga Rock Island Zuwa Layin Ƙaura Namoda

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa ƙasar Tambuwal ba, ba a kuma taɓa jin kukansa a Kebbe ba. Mutumin Dogon Daji da ke son ya ga tashar jirgi da idonsa, sai ya hau mota ya nausa gabas, ko ta Sakkwato da Talata Mafara, ko ta Gummi da Anka, har ya sauka Gusau. Duk da haka garin yana da hannu a tarihin reluwe na Najeriya. A nan aka haifi Alhaji Ibrahim Dasuƙi a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru. Kafin ya zama Sarkin Musulmi na 18 a 1988, ya yi shekaru yana darekta a Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, daga baya ya shugabance ta har zuwa 1977. Gabanin haka kuma shi ne shugaban hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa, mai sayen gyaɗa da auduga daga hannun manoma. Wato ya riƙe kaya, ya kuma riƙe jirgin da ke ɗaukar kayan. A wancan zamani waɗannan ayyuka biyu ba sa rabuwa, kuma duk maganar da za mu yi a nan a kansu za ta riƙa dawowa.

Layin da ya fi kusa da wannan yanki shi ne reshen da ya rabu daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Tsawonsa mil 137 ne, wajen kilomita 220. Turawa ba don fasinja suka shimfiɗa shi ba. Auduga suke nema wa masaƙun Ingila, shi ya sa ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga, BCGA, ta kafa injinan gurza a Funtuwa da Gusau. Bayan auduga sai gyaɗa, sai ƙiraga, sai fatar jan akuyar Sakkwato wadda majema na Turai suka daɗe da sanin darajarta. Da kaka za ka ga ayarin jakai da raƙuma suna sauke kaya a bakin tasha, 'yan dako suna jera buhuna, akawu yana tsaye da littafi yana rubuta nauyi. Gusau kanta da jirgi ta tashi daga matsakaicin gari ta zama cibiyar ciniki, kantunan Turawa da na Kwara suka jeru kusa da dogo, ma'aikata daga Kudu suka cika Sabon Gari.

An sha maganar ƙarasa layin zuwa Sakkwato, tun zamanin Turawa har yau ɗin nan. Amma shekarar da ya isa Ƙaura ita ce shekarar da kasuwannin duniya suka karye, kuɗin manyan ayyuka ya ƙafe. Da aka kammala reshen Nguru a 1930 sai aka jingine diga, ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Arewa ba sai na Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Sakkwato dai ta ci gaba da jira.

Yanzu a ɗauka wata gwamnatin jiha, ko wasu 'yan kasuwa, sun karɓi wannan reshe haya don su tayar da shi. Wane suna za su sa masa? Wane fenti za su shafa wa kan jirgin? Tambayar kamar ta wasa ce, amma akwai ƙasar da ta mayar da ita sana'a.

Ƙananan kamfanoni masu manyan sunaye

A Amurka da Kanada manyan kamfanonin jirgin kaya shida ne suka rage, irin su Union Pacific da BNSF da Norfolk Southern. A ƙarƙashinsu akwai ƙanana wajen 600 a Amurka kaɗai, kowanne riƙe da gajeren layi. Yawancinsu bayan 1980 suka ɓullo, lokacin da wata doka mai suna Staggers ta sassauta wa kamfanonin jirgi, ya zama babban kamfani yana iya sayar da reshen da ba ya kawo masa riba maimakon ya tumɓuke ƙarfen ya sayar wa masu narkarwa. Mai sayen kuwa sau da yawa tsohon ma'aikacin jirgi ne da ya san layin ciki da bai, ko ƙaramar hukumar da ke tsoron masana'antarta ta mutu, ko masu rumbunan hatsi da suka haɗa kuɗi.

Aikin irin wannan kamfani ba shi da ado. Kan jirgi biyu ko uku ne na hannu, wasu sun haura shekara arba'in. Ma'aikata ba su da yawa, wanda ya tuƙa jirgi yau shi ne gobe zai ɗauki guduma ya je gyaran dogo. Inda layin ya tsufa, gudun ba ya wuce kilomita 16 a awa, har mai keke ya wuce shi. Da safe a bi rumbuna da masana'antu a kwaso taragun da aka cika, a ja su zuwa mahaɗa, a miƙa wa babban kamfani ya yi doguwar tafiyar, a karɓo fanko a dawo da su. Kuɗin dako a raba. Abin da babban kamfani ya kasa yi, wato ya san mai kaya da sunansa, ya kawo masa tarago ranar da ya ce, shi ne jarin ƙaramin.

To, a cikin waɗannan ƙanana ne ake samun masu tono sunan kamfanin da ya mutu su ɗora wa kansu. Labarin da ya fi kowanne ban sha'awa shi ne na Rock Island.

Jirgin Rock Island na farko ya tashi daga birnin Shikago a 1852. A 1856 layinsa ne ya fara haye kogin Misisifi a kan gada. Ba a yi wata guda ba wani jirgin ruwa ya daki gadar ya kama da wuta, masu jiragen ruwa suka kai ƙara suna neman a rushe ta, kuma cikin lauyoyin da suka tsaya wa gadar har da Abraham Lincoln, tun bai zama shugaban ƙasa ba. Kamfanin ya bunƙasa har layinsa ya wuce mil 7,000, ya ratsa ƙasar masara da alkama ta tsakiyar Amurka. Sai dai kusan duk inda ya nufa akwai wani kamfanin da ya fi shi gajeriyar hanya ko ya fi shi kuɗi. Motocin dako suka zo suka ƙara kwashe masa ciniki. A 1975 ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashi.

A wannan hali ne sababbin shugabanninsa suka sake masa kama. Suka yar da ja da aka san shi da shi, suka shafa shuɗi mai haske da fari, suka zana ƙaton harafin R a jikin taragu, suka gajarta sunan ya koma The Rock. Kuɗin gyaran dogo babu, amma na fenti ya samu. Masu bin harkar jiragen suka laƙaba wa launin suna, suna ce masa shuɗin karayar arziki. Ma'aikata suka tafi yajin aiki a 1979, alƙali ya ba da umurnin a sayar da kadarorin, jirgi na ƙarshe ya tsaya a ƙarshen watan Maris na 1980.

Shekara talatin da bakwai bayan haka, a 2017, wani ma'aikacin jirgi ya yi rajistar sabon kamfani da cikakken tsohon sunan, Chicago Rock Island and Pacific. A 2019 ya karɓi aikin tafiyar da wani layi mai tsawon mil 60 ko kusa da haka a jihar Misisifi, wanda ya ratsa garin Clarksdale, ƙasar auduga da waken suya. Ya shafa wa kawunan jirginsa wannan shuɗi da fari, da ƙaton R ɗin nan. Abin dariyar shi ne, tsohon Rock Island bai yi aiki a kan wannan layi ba ko sau ɗaya. Layin asalinsa na wani kamfani ne dabam, Illinois Central. Can arewa kuma, kamfanin Iowa Interstate, wanda tun 1984 yake bin ainihin babban layin Rock Island daga Shikago zuwa yamma, bai ɗauki sunan ba. Sai dai ya ware wani kan jirgi, mai lamba 513, ya yi masa tsohon fentin ja da baƙi don tunawa. Ɗaya ya gaji dogo ba suna, ɗaya ya gaji suna ba dogo.

Akwai ma wanda ya haɗa gado biyu. A 1990 aka kafa Wheeling and Lake Erie a jihar Ohayo, a kan layukan da Norfolk Southern ya sayar. Nan kam sunan ya faɗa gidansa, domin cikin waɗannan layuka har da na tsohon kamfani mai wannan suna wanda wani ya haɗiye tun 1949. Amma fentin da aka fi sanin sabon da shi, baƙi da ruwan lemo, kamannin Rio Grande ne, wani kamfanin duwatsun yamma da shi ma ya shige cikin wani. A Ingila kuwa sunaye biyu da suka ɓace a 1948, lokacin da gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa, sun dawo: Great Western Railway a 2015 da koren fentinsa mai duhu, LNER kuma a 2018.

Me suna yake saye?

Bahaushe ya san wannan al'ada a gidansa. Idan tsoho ya rasu aka haifi jika, sai a mayar da sunan, a riƙa kiran jariri Baba ko Abba, kowa yana jin nauyin sunan. Amma jaririn bai gaji gonar tsoho don suna ba, bai kuma gaji bashinsa ba. Haka yake ga kamfani. A idon doka sabon Rock Island ba shi da wata alaƙa da tsohon. Wanda tsohon ya ci wa kuɗi ba zai kai sabon ƙara ba, sabon kuma ba zai ce a ba shi filin tsohuwar tasha ba.

Abin da yake samu a zukatan mutane yake. Manajan rumbun hatsi wanda ubansa ya yi lodi a taragun wannan suna, in aka buga masa waya da sunan zai tsaya ya saurara. Ma'aikacin da kakansa ya yi ritaya a tsohon kamfanin yana sa hular da alfahari. Sannan a Amurka da Ingila akwai dubban mutanen da sha'awarsu ke nan, su bi jirgi da kyamara, su sayi ƙananan jiragen wasa masu tambarin kamfanin da suke so. Ƙaramin kamfanin da ba shi da kuɗin talla, da zarar ya fito da kan jirgi cikin tsohon fenti, hotonsa ya cika mujallu da intanet ba tare da ya biya ko sisi ba. Ga kuma sauƙi, zane yana nan a shirye, kuma kan jirgin hannu dole ne a yi masa fenti ko ta yaya, don a rufe sunan mai shi na da, a kuma tare tsatsa.

Sai dai ba kowane mataccen suna ne ke yashe a hanya ba. A dokar Amurka, tambarin da aka yi shekara uku ba a yi ciniki da shi ba ana ɗaukar mai shi ya sake shi, sai in ya kawo hujja. A Najeriya wa'adin shekara biyar ne kafin a nemi a soke rajistar tambarin da ba a amfani da shi. Rock Island ya mutu ne ba tare da wani kamfanin jirgi ya haɗiye shi ba, shi ya sa sunansa ya fi sauƙin ɗauka. Waɗanda manya suka haɗiye kuwa suna da mai tsaro. Union Pacific ya fito da kawunan jirgi shida a 2005 da 2006 cikin launukan kamfanonin da ya haɗiye, Norfolk Southern ya fito da ashirin a 2012 da ya cika shekara 30. Girmama tarihi ne, gaskiya. Amma masu lura sun ce akwai wata riba a ciki, domin tambarin da ke yawo a kan dogo kullum ba wanda zai ce an yar da shi.

Sunayen da suka mutu a ƙasarmu

Mu ma muna da namu matattun sunayen, ko da yake ba su da yawa, domin tun farko reluwe a nan aikin gwamnati ne, ba na kamfanoni masu gasa ba.

Na farko shi ne Layin Baro zuwa Kano. Gwamnatin Arewa ta Turawa ce ta fara shi a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne da ya yi irin wannan aiki a Sudan. Dabarar ita ce a kawo kaya ta jirgin ruwa a kan Kwara zuwa Baro, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauka, ba sai an bi ta Ikko ba. Layin, mai tsawon fiye da mil 350, ya isa Kano a 1911. Shekara guda kacal ya yi da sunansa bayan haka, domin a 1912 aka haɗe shi da layin gwamnatin Ikko suka zama reluwe guda ta Najeriya, wadda ta koma hukuma mai cin gashin kanta a 1955. A kan wannan dogo ne gyaɗar Kano ta sami hanyar teku, har dalar gyaɗa ta tashi, har irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna.

Na biyu ya fi kama da gajerun layukan da muke magana. Shi ne ƙaramin jirgin Bauci, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru a 1914, don kwaso kuza. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne kawai, jirgin kuma ba ya sauri ko kaɗan. Sunan Bauci lardin ne ya ba shi, amma garin Bauci bai taɓa ganinsa ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafancan a 1927 sai kuza ta sami wata hanyar, ƙaramin jirgi ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Wasu kawunansa suna ajiye a gidan tarihi na Jos, mai son ganin yadda suke yana iya zuwa.

Shin akwai wanda zai yi marmarin mayar da waɗannan sunaye? Ina shakka. Ba'amurken da ke kewar Rock Island yana tuna albashin kakansa ne. Jikan wanda ya yi aikin diga a layin Baro abin da aka ba shi labari dabam ne: hakimai da dagatai ne ake yanka wa adadin mutanen da za su kawo, a raba manomi da gonarsa ko yana so ko ba ya so, kuma Nufawa da Gwarawa su suka fi shan wannan wahala. Irin wannan suna wurinsa littafin tarihi da gidan tarihi. Ban da haka, talaka bai taɓa kiran jirgi da sunan da ke kan takardar Bature ba. Inda jirgi ya nufa shi ne sunansa: jirgin Kano, jirgin Nguru, jirgin Ƙaura. Idan akwai sunan da ya cancanci a rubuta a jikin kan jirgi a Gusau, wannan na bakin mutane ne, kuma ba sai an biya kowa kuɗin tambari ba. Kore da ruwan ɗorawa da aka saba gani a jikin taragun fasinja kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, ita kuma tana raye, sai da izininta.

Mun ma ga yadda suna ke ɗauke da bashi a wani fannin sufuri. Tsofaffin alhazai suna tuna Nigeria Airways da tambarinsa na giwa mai fukafukai. Kamfanin ya daina tashi a 2003, ma'aikatansa suka yi shekaru fiye da goma suna bin haƙƙinsu. Da gwamnati ta tashi kafa sabo a 2018 ba ta mayar da sunan ba, ta ce Nigeria Air. A watan Mayu na 2023, saura kwana uku a miƙa mulki, aka nuna wani jirgi a Abuja da fentin sabon kamfanin, daga baya ta bayyana na kamfanin jiragen Habasha ne, ya kuwa koma inda ya fito. A Nijar ma akwai darasi. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo na wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016, ga tasha sabuwa ga taragu masu sheƙi. Amma layin bai haɗu da na Binin ba, wanda ya tsaya a Faraku, saboda haka ba shi da hanyar teku, ba shi da kayan ɗauka. Ciyawa ce ta gaje shi.

Lissafin layin Ƙaura

Har zuwa 2023 wannan magana duk mafarki ce, domin tsarin mulki ya keɓe harkar jirgin ƙasa ga gwamnatin tarayya ita kaɗai. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi ikon shiga harkar. Gyaran bai mallaka wa kowace jiha dogon da ke ƙasarta ba, wannan har yanzu na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, mai so sai ya nemi haya ko yarjejeniya. An taɓa gwada bayar da dukan tsohon layin, mai kilomita 3,505, ga rukunin kamfanoni ƙarƙashin General Electric, maganar ta watse a 2018. Wataƙila lomar ce ta yi girma. Reshe guda mai kilomita 220 abu ne da ido zai iya gani daga farko har ƙarshe.

Masu ƙananan layuka a Amurka suna da wani awon gaggawa da suke yi kafin su sayi reshe: kowane mil guda yana bukatar lodin tarago ɗari a shekara kafin ya ci da kansa. In aka ɗora wannan a kan mil 137, ya kama tarago 13,700 a shekara, wato kamar 37 kowace rana. Awon nasu ne, taragunsu sun fi namu girma, albashinsu ma ya fi namu, saboda haka ba za a ɗauke shi kamar karatun allo ba. Amma yana nuna girman abin da ake magana. Taragon tsohon layinmu yana ɗaukar lodin tirela guda ko ya ɗan fi, tirela kuwa buhun siminti 600 ce. Duk wanda ya taɓa zama a bakin hanya a Tsafe ya san tirelolin da ke wucewa a yini sun fi haka nesa ba kusa ba. Kaya dai akwai. Tambayar ita ce wanne ne zai yarda ya sauka daga mota ya hau jirgi.

Albasar Aliero ba za ta yarda ba, haka tumatir da tattasai na fadamun Kebbe da Tambuwal. Mai albasa yana son motar da za ta yi lodi a bakin gona ta sauke a kasuwar Ikko ko Anaca ba tare da an taɓa buhun a hanya ba, domin kowace saukewa da ɗorawa asara ce, kowane kwana guda kuma ruɓa ne. Kayan jirgi shi ne mai nauyi, mai yawa, marar gaggawa: simintin Kalambaina, takin zamani da ke hawowa kafin damina, man fetur zuwa defon Gusau, masara da dawa da waken suya na ƙasar Funtuwa, kwantenonin tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024. Sai kuma shanu. A 2016 an loda shanu 500 a Gusau aka kai su Ikko ta jirgi, da tallafin hukumar NIRSAL. Dabba ta isa ba ta rame kamar ta mota ba, ba a kuma tsaya biyan kuɗi a shingaye ba. An yi ta murna a jaridu, amma abin bai ɗore ba. Lodi guda na biki ba ya riƙe layi, sai wanda zai dawo kowane mako.

Kenya ta nuna yadda ake yi. Reshen Nairobi zuwa Nanyuki, wanda tsawonsa ya yi kusa da na Ƙaura, ya yi shekaru a mace. Da aka tashi gyara shi a 2020, an riga an san abin da zai ɗauka, wato mai zuwa wani babban defo a Nanyuki, kuma kamfanin bututun mai na ƙasar ya sa kuɗi a gyaran. Jirgin fasinja daga baya ya biyo.

Matsalolin namu ba ɓoyayyu ba ne. Layin ya ratsa dajin da 'yan bindiga suka addaba, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya nuna jirgi ba ya tsare kansa. Ɓarayin ƙarfe suna kwance dogo su sayar wa 'yan gwangwan, duk layin da jirgi ya daina bi kuwa shi suka fi so. Damina tana cinye kwalbatoci. Ga kuma maganar faɗi: tsohon layi milimita 1,067 ne, sababbin da ake yi, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, milimita 1,435 ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Gajeren layi kuwa ransa yana mahaɗa. Idan tsohon layin Zariya zuwa Ikko ba ya aiki yadda ya kamata, to dole a gina wurin juye kaya a Zariya, in ba haka ba jirgin Ƙaura zai zama irin na Doso, ya tashi ba shi da wanda zai miƙa wa.

Ni a ganina tsarin aikin a bayyane yake, kuma fenti ne na ƙarshe a cikinsa. Jihohi uku layin ya ratsa, Kaduna da Katsina da Zamfara, Sakkwato da Kebbi kuma suna da kayan da za su ciyar da shi. Su ya kamata su zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa, su kira masu siminti da dillalan taki da ƙungiyar fataken shanu, kowa ya faɗi tarago nawa zai cika a wata, ya sa hannu. In adadin ya kai, a gyara dogo, a sayo kan jirgi biyu na hannu, sannan a kira mai fenti ya rubuta Jirgin Ƙaura da boko da ajami. Mai karatu kuma, ranar da ka ji sanarwar an farfaɗo da wani layi, ka ga hoton gwamna yana yanka ƙyalle a gaban kan jirgi mai sheƙi, ka bari a yi wata uku, sannan ka je tashar ranar da ba biki ka tambayi 'yan dako yaushe rabonsu da lodi.